Tukunyar Yumɓu, ta Roba, Gwangwani ko ta Kwali: Wacce Ta Fi Dacewa Yaro Ya Yi wa Fenti?

Iyaye da malaman makarantun renon yara da dama sun yarda cewa a ba wa yaro tukunyar furanni ya yi mata fenti, sannan ya shuka wani abu a cikinta, aiki ne mai amfani. Inda ake samun saɓani shi ne wajen zaɓen tukunyar. Wani zai ce a ɗauko ta yumɓu domin ita ce ta ainihi, wani ya ce ai faɗuwa ɗaya za ta tarwatse, gara ta roba, na uku kuma ya ce babu dalilin kashe kuɗi alhali ga gwangwanaye nan ana zubarwa kullum. Kowannensu yana da hujja, sai dai abin da ɗaya take koya wa yaro ba shi ne ɗayar take koyarwa ba, kuma kowacce tana da irin nata haɗarin. Saboda haka kafin a zaɓa, ya kamata a san ma'aunin da za a auna su da shi.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuma mafi nauyi shi ne abin da yaron zai koya. Fenti a jikin tukunya ya bambanta da fenti a kan takarda ta fuska guda mai muhimmanci, wato takarda shimfiɗe take, tana zaune inda aka ajiye ta, ita kuwa tukunya zagayayya ce, dole hannu ɗaya ya riƙe ta yana juyawa yayin da ɗayan yake tafiyar da buroshi. Wannan haɗin kai na hannaye biyu shi ne yaro zai buƙata gobe idan zai riƙe littafi da hagu ya yi rubutu da dama, ko zai yanka takarda da almakashi, ko zai saka maɓallin riga. Haka kuma riƙon buroshi yana bin matakan da riƙon fensir yake bi: yaro ɗan shekara ɗaya da rabi yana damƙe shi da tafin hannu gaba ɗaya, ɗan shekara 2 zuwa 3 yana riƙe shi da yatsu tafin hannunsa na kallon ƙasa, sai wajen shekara 4 zuwa 6 riƙon yatsu uku yake zaunawa sosai. Tukunyar da ta dace ita ce wadda za ta bar hannun ya yi wannan atisaye ba tare da ta gajiyar da yaron ba.

Akwai kuma darasin launi, wanda babu bayanin baki da yake kai gani da ido: ja da rawaya su ba da ruwan lemo, shuɗi da rawaya su ba da kore, idan kuwa aka cakuɗa duka wuri ɗaya sai a sami wani launi mai kama da taɓo, wanda kusan kowane yaro sai ya gano shi da kansa. Bakin tukunya ma yana koyar da wani abu na lissafi, domin yaron da yake ɗiga ja, fari, ja, fari a kewaye, yana koyon tsari mai maimaituwa, kuma idan ya zagayo inda ya faro sai ya ga ko lissafinsa ya haɗu ko bai haɗu ba. Bayan duk wannan sai babban darasi, wanda yake farawa bayan fenti ya bushe, wato kula da abin da aka shuka. Masana tarbiyyar yara sun daɗe da sanin haka. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, ya ware wa kowane yaro ɗan fili nasa na shuka, ita ma Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta sanya ban-ruwa da kula da tsirrai cikin ayyukan yau da kullum na ɗalibanta. Don haka tukunyar da ta yi kyau a ido amma shuka ba za ta rayu a cikinta ba, rabin darasi kawai ta bayar.

Ma'auni na biyu shi ne yadda jikin tukunyar yake karɓar fenti, na uku haɗari, na huɗu ƙarko tare da lafiyar shukar, na biyar kuma tsada. Na sa tsada a ƙarshe da gangan, saboda bambancin kuɗin da ke tsakanin waɗannan tukwane bai taka kara ya karya ba idan yaro ɗaya ne ko biyu, sai dai idan aji guda za a saya wa.

Maganar fenti kafin a shiga tukwane

Ba za a iya yanke hukunci a kan tukunya ba sai an san fentin da za a shafa mata, kuma iri biyu ne kawai suka cancanci hannun yaro. Akwai fentin ruwa na makaranta, wanda ake kira fentin fosta, mai sauƙin wankewa daga hannu da tufafi, sai dai ko bayan ya bushe ruwa yana narkar da shi. Akwai kuma fentin akirilik, wanda shi ma da ruwa ake tsinka shi, yana bushewa cikin kamar minti 20 zuwa 30 idan ba a lafta shi da kauri ba, kuma da zarar ya bushe ruwa ba ya ɗauke shi, wanda hakan alheri ne ga tukunya amma masifa ce ga riga. Fentin mai da fentin fesawa ba na yara ba ne sam, saboda sinadaran da suke tashi daga gare su. Haka nan ragowar tsohon fentin gida da ba a san asalinsa ba, domin yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta haramta fentin gida mai dalma tun 1978, amma har yanzu akwai ƙasashen da ba su da irin wannan doka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutar da jikin yaro. A jikin kwalbar fenti a nemi shaidar gwaji, kamar ASTM D-4236 da hatimin AP na Amurka, ko EN 71 na Turai.

Tukunyar yumɓu marar sheƙi

Wannan ita ce jar tukunyar da aka gasa a wuta mai zafin kusan digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, ba tare da an shafe jikinta da abin sa sheƙi ba. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma daga nan ne alherinta da matsalarta duka suke fitowa. Idan yaro ya ɗora buroshi, nan take yumɓun yake tsotse ruwan fentin, launin ya tsaya inda aka sa shi, ba ya zurarowa ƙasa. Duk wanda ya tsaya kusa da yaro ɗan shekara huɗu yana wannan aiki zai ga yadda layin da ya ja yake juyewa daga jiƙaƙƙe mai ƙyalli zuwa busasshe a gaban idonsa, har ya kai yatsa ya taɓa don ya tabbatar. Ɗan kaushin jikin ma yana riƙe gashin buroshi, sai hannun da bai gama ƙwarewa ba ya sami abin da zai dogara da shi. Ta fuskar koyo, babu wadda ta kamo ta.

Amma tsotson nan yana cin fenti da yawa, kuma yana dusar da launi, musamman rawaya da shuɗi mai haske a kan jan yumɓu. Maganin wannan shi ne babba ya shafa farin fenti shafa ɗaya a jikin tun jiya, ko kuma a ɗan jiƙa tukunyar da soso kafin a fara. Wata matsalar tana zuwa daga baya: idan aka fara ban-ruwa, damshi yana ratsowa daga ciki zuwa waje, yana tafe da gishirin da ke cikin ƙasa da ruwa, sai a ga farin gari a jiki, fentin ya fara kumbura yana ɓarewa. Fentin fosta ba ya jure wannan ko kaɗan. Akirilik yana jurewa na tsawon lokaci, musamman idan babba ya shafe cikin tukunyar da abin hana ruwa ratsawa, ko kuma aka zura ƙaramar tukunyar roba a ciki aka yi shukar a cikinta, wanda ni a ganina shi ne mafi sauƙin dabara.

Ga shuka kuwa yumɓu aboki ne, domin yana barin iska ta kai ga saiwa, yana kuma fitar da rarar ruwa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, saboda kuskuren da yara suka fi yi ba mantawa da ban-ruwa ba ne, yawan ban-ruwa ne, yaro yana iya shayar da shukarsa sau biyar kafin rana ta faɗi don tsabar ƙauna. Haɗarin tukunyar yumɓu sananne ne: tana da nauyi, tana fashewa, kuma ɓaraguzanta suna da kaifi. Sai dai ba kowa ne yake ganin wannan a matsayin aibi zalla ba. Montessori da gangan take ba wa yara kayan da suke fashewa, bisa hujjar cewa abin da ba ya fashewa ba ya koya wa hannu hattara. Ina ganin tana da gaskiya ga yaron da ya haura shekara huɗu, idan aka zaɓi ƙaramar tukunya mai faɗin baki santimita 8 zuwa 12, aka kife ta a kan tabarma ko ƙaramin tebur. Ga ɗan shekara biyu da har yanzu jifa yake cikin wasanninsa, hujjar ba ta tsaya ba. Tsadarta matsakaiciya ce, kuma idan ba ta faɗi ba tana shekaru.

Tukunyar roba

Abin da yake jan mutane zuwa gare ta a fili yake: ba ta da nauyi, ba ta fashewa, tana da araha, ana kuma iya jera guda talatin cikin juna a ɗauka da hannu ɗaya. Ga malamar da take da aji cike da yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ita ce yawancin irin waɗannan tukwane da robar da ake kira folifirofilin ake yin su, mai lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku da ke gindinta, kuma wannan roba ba ta son komai ya manne mata. Fentin fosta yana taruwa a jikinta ɗigo-ɗigo, idan ya bushe kuma ya riƙa zubowa kamar garin alli da zarar an matsa tukunyar. Akirilik yana kamawa, amma sau da yawa ana iya ɗaye shi da farce. Idan babba ya goge jikin da samfefa mai laushi, ya wanke da sabulu, ya shafa fentin share fage, sakamakon yana gyaruwa sosai, haka ma idan aka zuba ɗan farin gam a cikin fentin fosta. Amma a lura cewa duk wannan aikin babba ne, kenan sauƙin da aka samu wajen saye an biya shi wajen shiri.

Ta fuskar koyo, santsin jikin yana sa buroshi ya riƙa zamewa, rashin nauyin kuma yana sa tukunyar ta gudu duk lokacin da aka danna ta, har sai an cusa mata tsumma ko yashi a ciki. Yaron da yake son ya zana fuska ko fure yana iya yin fushi ya ajiye buroshin. Shi kuwa ƙaramin da bai kai nan ba, abin bai dame shi ba. Masanin koyar da zane Viktor Lowenfeld, a bayanin da ya yi a 1947, ya nuna cewa tsakanin shekara 2 zuwa 4 yaro yana matakin zane barkatai ne, daɗin motsin hannu yake ji ba siffa yake nema ba, sai daga shekara 4 zuwa 7 yake fara ƙoƙarin fito da mutum da gida da rana. Ga mai matakin farko, roba da ɗan guntun soso sun wadatar. Roba tana riƙe ruwa fiye da yumɓu, saboda haka sai an tabbatar da hujojin gindinta a buɗe suke, kuma baƙar roba tana ɗaukar zafi a rana, sannan bayan dogon zama a waje takan yi rauni ta tsage.

Gwangwani da gorar roba da aka gama amfani da su

Waɗannan kyauta ne, kuma suna ɗauke da darasin da sauran ba su da shi, wato cewa abin da aka yar yana iya komawa abin amfani. Yaro ɗan shekara biyar ko shida yana fahimtar wannan sarai, yana kuma alfahari da shi. Gorar ruwa da aka yanke tana da wata fa'ida ta daban: idan aka bar gefe ɗaya ba fenti, aka tura ƙwayar iri kusa da bango, yaron zai ga saiwa tana fitowa tana nutsawa ƙasa kafin ganye ya leƙo, abin da tukunyar yumɓu ba za ta taɓa nuna masa ba.

Sai dai nan ne haɗari ya fi yawa, kuma nan ne aikin babba ya fi nauyi. Bakin gwangwani yana yanka, dole a daddanne shi a naɗe da tef mai kauri, bakin gorar da aka yanke shi ma haka. Hujin gindi da ƙusa babba ne zai yi, ba a gaban yara ba. Kada a kusanci duk wani mazubi da ya taɓa ɗaukar fenti, maganin ƙwari, man inji ko sinadarin wanki, komai wankin da aka yi masa. Gwangwani yana karɓar akirilik fiye da roba idan an cire takardar jikinsa da gam ɗinta, amma yana tsatsa cikin 'yan watanni, kuma a rana yana yin zafin da zai iya ƙona saiwa. Tukunyar zango ɗaya ce, ba ta ajiya ba.

Tukunyar kwali

Ita ce wadda ake yi da niƙaƙƙiyar takarda ko zaren ɓawon kwakwa domin renon iri. Tana shan fentin fosta da kyau, ba ta da kaifi, ba ta da nauyi, tana da araha. Ba ta da ƙarko ko kaɗan: fenti mai ruwa da yawa yana laushe ta tun ana cikin aiki, ban-ruwa kuma yana ƙarasa ta cikin makonni. Amfaninta shi ne ana binne ta gaba ɗaya a ƙasa tare da tsiron, sai dai idan haka za a yi kada a sa mata akirilik, domin shi roba ne, ba ya ruɓewa. Kuma a shirya wa hawaye, don ba kowane yaro ne yake yarda a binne abin da ya zana ba.

| Ma'auni | Yumɓu | Roba | Gwangwani ko gora | Kwali |
|---|---|---|---|---|
| Karɓar fenti | Mafi kyau | Mai wuya sai an goge | Matsakaici | Da kyau, amma yana laushi |
| Fentin da ya dace | Akirilik | Akirilik bayan shiri | Akirilik | Fosta |
| Aikin babba kafin farawa | Kaɗan | Matsakaici | Da yawa | Kusan babu |
| Babban haɗari | Fashewa | Ɓawon fenti a baki | Yanka, ragowar sinadari | Tauna ta |
| Lafiyar shuka | Mai kyau | Ruwa yana kwanciya | Zafi da tsatsa | Na renon iri kawai |
| Ƙarko | Shekaru | Shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru | Watanni | Makonni |
| Tsada | Matsakaiciya | Araha | Kyauta | Araha |

Abin da za a shuka

Ko wacce tukunya aka zaɓa, irin da aka sa a ciki yana iya gyara darasin ko ya ɓata shi. Haƙurin ƙaramin yaro gajere ne, don haka a zaɓi iri mai girma da yatsunsa za su iya ɗauka, mai saurin tsira, kamar wake, wanda yakan leƙo cikin mako guda zuwa kwana goma idan akwai ɗumi da damshi. A guji irin da aka rina da launin hoda ko shuɗi, domin wannan launi alama ce ta maganin ƙwari ko na ruɓewa da aka shafa masa. A guji tsirrai masu guba, irin su zurma, wadda ƙwayarta kyakkyawa ce a ido amma tana iya kisa idan aka tauna. Ga yaran da ba su kai shekara 3 ba, ƙwayar iri da duwatsun ado da maɓallai duk abubuwa ne da suke iya maƙalewa a maƙogwaro. Ma'aunin da masu gwada kayan wasa suke amfani da shi shi ne duk abin da ya shige cikin bututu mai faɗin milimita 31.7 bai dace da masu waɗannan shekaru ba. Irin wannan yaro ya yi fenti, babba ya yi shuka yana kallo.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Wanda yake da yaro ɗan shekara 2 zuwa 3, ya ɗauki tukunyar kwali ko ta roba, da fentin fosta, da soso ko buroshi mai kaurin mariƙi, kuma kada ya sa rai abin zai daɗe, domin a wannan mataki motsin hannu ake nema. Wanda yaronsa ya kai shekara 4 zuwa 7, kuma zai iya zama kusa da shi, ƙaramar tukunyar yumɓu da akirilik ita ce zaɓin da ya fi, a sa masa tsohuwar riga, a ba shi launi uku da fari kawai ya haɗa sauran da kansa. Wannan kuma shi ne zaɓin mai son abin da za a ajiye ko a bayar kyauta.

Malamar da take da yara da yawa da mataimaki ɗaya ko babu, roba ce za ta fi rufa mata asiri, da sharaɗin ta goge tukwanen tun kafin ranar, ta kuma rubuta sunan kowane yaro a gindi kafin a buɗe fenti. Idan darasin na kimiyya ne, ana son a ga yadda iri yake tsira, gorar da aka bar gefe ɗaya ba fenti ta fi kowacce. Idan kuwa akwai fili a gida ko a makaranta inda za a dasa tsiron daga baya, kwali ya isa. Gwangwani a bar wa yaran da suka haura shekara 6, bayan babba ya bi bakin kowanne da yatsansa ya tabbatar babu inda yake yanka.